Riƙon Kare a Washinton: Amanar da Ake Karɓa don a Mayar

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san riƙo. Goggo ta ɗauki ɗiyar ƙaninta, ta ci da ita, ta tarbiyyantar da ita, in lokaci ya yi ta miƙa ta. To jama'a, a nan yankin Washinton ma ana riƙo, sai dai ɗan riƙon ƙafa huɗu gare shi, ga wutsiya.

Ga yadda abin yake. Gidajen ajiye dabbobin da aka tsinta ko aka yasar kan cika maƙil, musamman a ƙauyukan kudancin Amurka. In wuri ya ƙare, wasu karnukan allurar mutuwa ake yi musu. Shi ya sa ƙungiyoyi irin su Lucky Dog Animal Rescue, wadda aka kafa a 2009, da Homeward Trails, dukansu a arewacin Bajiniya, ke kwaso karnuka a mota su raba wa masu riƙo. Ka cike takarda, a yi maka tambayoyi kan gidanka da aikinka, a tabbatar mai gidan haya ya yarda. Kuɗin likita da rigakafi yawanci ƙungiya ke biya. Naka shi ne wurin kwana, fita yawo safe da yamma, da haƙuri. Ƙarshen mako ka kai shi inda masu neman kare ke zuwa dubawa. Wani sati biyu ya samu gida, wani sai ya yi watanni.

Kada ka ɗauka wasa ne. A 2022 an kwashe karnuka kusan 4,000 jinsin beagle daga wata cibiyar kamfanin Envigo a Cumberland, Bajiniya, inda ake kiwon su don gwaje-gwajen kimiyya, bayan gwamnatin tarayya ta kai ƙara kan yadda ake azabtar da su. Babu gidan dabbobi ɗaya da zai ɗauke su duka. Ƙungiyoyi ne suka rarraba su, masu riƙo suka buɗe ƙofa. Da yawansu ba su taɓa taka ciyawa ba, ba su san hawa bene ba. A hannun masu riƙo suka koyi zaman gida.

To amma mu fa? Je ka ce wa Hajiya a Silver Spring za ka kawo kare falo, ka ga ikon Allah! Kuma ba ƙiyayya ba ce kawai. A gida kare na farauta ne da gadi, wurinsa waje. Risala, wadda iyayenmu suka karanta a zaure, ta hana ajiye kare cikin gida sai don noma, kiwo ko farauta. Amma a mazhabar Malikiyya ɗin dai, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Kuma kowa ya san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ke nan tausayi ba abin gardama ba ne. Inda karen zai kwana, nan maganar take, kuma wannan tambaya ce ta kai wa malami da mutanen gida tun kafin a cike takarda, ba bayan kare ya iso bakin ƙofa ba.

Wanda gidansu ba hali, ai hanyoyi na nan. Ana neman masu tuƙa karnuka zuwa wurin likita, da masu fita da su yawo. Humane Rescue Alliance, wadda ta samu a 2016 daga haɗewar tsofaffin ƙungiyoyi biyu na birnin, tana ba da riƙon kyanwa ma, ita kuwa Hajiya ba za ta ce uffan ba.

Masu riƙo sun ce ranar rabuwa ta fi komai ciwo. Ka saba da dabba, ta san ƙarar motarka, sai ga baƙi sun zo sun tafi da ita. Amma haka riƙo ya gada. Gurbin da ya bari, wani kare ne zai shiga, wanda da ba don haka ba ƙila kwanansa ya ƙare. Tambayi Goggo, ta riga mu sani.