Allurar Barci ga Yara Masu Ciwon Daji

Idan muƙamuƙin yaro ya kumbura a Illela, aka sha magani kumburin bai saɓe ba, yawanci akan tura iyaye Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Ɗaya daga cikin cututtukan da likitoci kan yi zargi ita ce sankarar Burkitt, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, kuma ta fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu.

Binciken cutar da maganinta ba sa rabuwa da allura mai zafi. Akan huda ƙashin ƙugu a zuƙo ɓargo. Akan kuma lanƙwasa yaro, gwiwa ta taɓa ƙirji, a soka allura tsakanin ƙasusuwan baya don ɗibar ruwan laka ko zuba magani, kuma ba sau ɗaya ba. Yaron da aka danne da ƙarfi a karon farko, da ya hango farar riga sai ihu. Uwar da ta ji wannan kukan ma takan yi nauyin ƙafa ranar komawa, alhali katse magani shi ke ba cutar damar dawowa.

Shi ya sa ake sa yaron barci. Maganin da aka fi dogara da shi a asibitocinmu shi ne ketamin, wanda aka haɗa a 1962. Yana da araha, yana kashe zafi, kuma galibi yaro kan ci gaba da numfashi da kansa. Amma yakan jawo dalalar miyau, amai, ko sambatu wajen farkawa. Don haka ake maƙala wa yatsan yaron 'yar na'urar auna iskar jini, ma'aikaci kuma ba ya gusawa har sai ya wartsake.

Nauyin da ke kan iyaye shi ne hana yaron ci da sha kafin a sa shi barci: awa 6 ba abinci, awa 4 ba nonon uwa, awa 2 ba ruwa. Tausayi kan sa kaka ta faki ido ta ba jika kunu. Idan ya yi amai cikin barci, kunun na iya faɗawa huhu.

Iyaye, idan yaro ya ci wani abu, ku faɗa wa likita gaskiya. Kuma kafin a taɓa shi, ku tambaya: me za a ba shi don kada ya ji zafi?