Kirfa da zuma: abin da mai saƙon bai faɗa ba

Tun makon jiya wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp, daga Yelwa har Wara: wai a dama garin kirfa babban cokali biyu da zuma, a sha safe da yamma, ciwon suga ya tafi, teɓa ta narke, kansa ta gudu, kuma ko nawa aka sha ba illa tunda itace ce. Mai maganar ko sunansa bai faɗa ba, amma har ya sa wata gwaggona a Shanga ta ajiye ƙwayoyinta na asibiti. Ban ga laifinta ba. Wanda ya shekara biyar yana sayen magani da kuɗin kifi, duk igiyar da aka miƙo masa kamawa zai yi.

Batun kansa da teɓa ba sai mun ɓata baki ba, babu hujja. Na suga kuwa, wasu gwaje-gwajen sun ga ɗan sauƙi, wasu ba su ga komai ba, kuma ba wanda ya nuna kirfa ta maye gurbin magani.

Ƙaryar da ke cutarwa ita ce "ba illa". Kirfa mai kaurin ɓawo, irin wadda ake nomawa a Sin da Indonesiya, tana ɗauke da sinadarin kumarin da yawa, wanda ke iya taɓa hantar wasu mutane idan aka dimanci shansa. Tun 1954 Amurka ta hana zuba shi cikin abinci. A 2004 hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yanke iyaka: miligiram 0.1 a rana ga kowane kilo na nauyin jiki. Mai kilo 60, garin da bai wuce giram 2 ba ya kai shi iyakar, wato ƙasa da ƙaramin cokali. Mai saƙon kuwa manya huɗu ya ce! A ƙasar da ciwon hanta ya yi yawa, wannan ganganci ne. Abin sauƙin dai, galibi hantar kan farfaɗo idan aka daina.

Na duba ta kasuwar Yelwa: ɓawo ja mai tauri, naɗi ɗaya, da ƙyar yake karyewa. Ta Siri Lanka, mai ƙarancin kumarin, siririya ce, naɗi bisa naɗi, tana marmashewa a yatsa. In an riga an niƙa kuwa, ido ba ya rabewa.

Na ce wa Gwaggo ta koma kan ƙwayoyinta, ta ci gaba da ɗan barbaɗa kirfar a shayi yadda ta saba.