Farautar Hasbiya da Kurciya a Gonakin Keffi

Idan ka fita bayan garin Keffi da sassafe a watan Afrilu, bayan saukar ruwan farko, za ka tarar da manoma sun duƙufa wajen shukar masara da gyaɗa da agushi. Ɗaga kai ka dubi itatuwan gefen gona. A kan rassansu za ka ga tsuntsaye suna jira manomi ya juya baya su sauko.

Biyu daga cikinsu ne suka shafe mu a wannan darasi. Hasbiya babba ce kamar tattabarar gida. Tana da ɗigo-ɗigon fari a fukafukanta da jar fata a kewayen idanunta, kuma ta fi son yin sheƙa a kan giginya. Kurciya ba ta kai ta girma ba, ta kuma fi sabawa da mutane. Dukansu hatsi suke ci. Amma ka lura da wani abu: ba sa tonon ƙasa da ƙafa kamar kaza. Irin da ya zube a fili, ko wanda ba a binne shi sosai ba, shi suke tsintsa. Masu tone shuka su ne fakara da kurege da gafiya, sai dai sau da yawa kurciya ake ɗora wa laifin, domin ita ake gani da rana tsaka.

To, yaya maharbi yake samun tsuntsuwar da ke tashi da zarar ta ga motsi? Ba ya bin ta. Sa ta yake yi ta zo inda yake. Hasbiya ba ta son kiwo ita kaɗai. Idan tana wucewa a sama ta hango ’yan’uwanta a ƙasa suna ci, sai ta ɗauka akwai abinci kuma babu haɗari, sai ta sauka. Wannan yarda ita maharbi yake amfani da ita. Yakan watsa tsaba a fili, ya kafa tsuntsuwar da ya fara harbewa a kan ɗan tsinke, kanta a sunkuye kamar mai tsintar hatsi. Daga nan ya laɓe cikin ’yar bukkar ganye ya yi shiru. Dole ya san inda iska take kaɗawa, gama tsuntsu yakan fuskanci iska idan zai sauka. Saboda haka maharbi yakan zauna iska na bugun bayansa, tsuntsayen su taho ta gabansa.

Yaudarar dabba ba baƙon abu ba ne ga maharban ƙasar Hausa. Tun da daɗewa suna ɗaura kan burtu a goshi, su yi rarrafe suna kaɗa kai kamar tsuntsun, har su kusanci namun daji. A Ingila ma akwai wata babbar hasbiyar daji mai farin tabo a wuya, wadda ke yi wa gonakin wake da alkama ɓarna. Maharban can sukan jera tsuntsayen roba a gona, su bar fili a tsakiya inda masu rai za su sauka. Kayan aiki ne suka bambanta, dabarar ɗaya ce.

Yara da danƙo suke harbi, ko su kafa tarko. Manya kuwa sukan ɗauki bindigar toka, kuma a nan ne ake bukatar natsuwa, musamman idan ka fita tare da aboki. Kafin ku zauna, ku raba fili: kai gabas, shi yamma, kada bakin bindigar ɗaya ya juya wajen ɗan’uwansa. Kada wanda ya fita ɗauko tsuntsu sai ya yi magana an amsa masa. Ka tuna gona a wannan lokaci cike take da jama’a, ga mata masu kai abinci, ga makiyaya da shanunsu. Dokar Nijeriya kuma ta hana riƙe bindiga ba tare da lasisi ba, ko da ta toka ce.

Wataƙila ka ce tsuntsayen nan suna da yawa, ba za su ƙare ba. Haka mutanen Amurka suka zata game da wata tattabarar daji da garkenta yakan rufe hasken rana idan yana wucewa. Aka yi ta harbinta ana sayarwa a kasuwa, ana kuma sare dazuzzukan da take zama, har ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati a shekarar 1914. Kurciya ƙwai biyu kawai take yi a lokaci guda, kuma uwa da uba ne ke ciyar da ’ya’yan da wani abu mai kama da madara daga maƙoshinsu. Idan ka harbe iyaye a gona, akwai yiwuwar ka bar ’ya’ya biyu a sheƙa ba mai ba su abinci.