Dubarar fita daga bashi

Manoman Damagaram, mun san lokacin da bashi yake kama mu: tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya ƙare. Mu ci bashin hatsi wurin ɗan kasuwa yana da tsada, mu biya da kaka yana araha. Ta haka ne tiya ɗaya takan cinye tiya biyu.

Tunda mun koyi rubutu da lissafi, mu yi aiki da su. Ɗauki kaye, rubuta kowane bashi: na wa ne, nawa ne, yaushe za a biya. Fara biyan wanda yake ƙaruwa.

Sa'an nan rubuta abin da kake kashewa kullum. Misali, goro da shayi na dala 20 a rana, jika 3 ke nan a wata, jika 36 a shekara. In ka rage rabi, ka samu jika 18 na biyan bashi. Biki da suna ma, a yi su daidai ƙarfin gida.

Da kaka, auna cimakar iyali ta shekara, ka keɓe iri, kafin ka kai wake ko gujiya kasuwar Mirya ko ta Matamai.

Mata kuma suna da asusu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maradi a 1991, suna zubi kowane mako, su ranta wa junansu.

Wanda ya biya bashi yakan yi barci da daɗi.