Saƙon Ciniki: Mai Daɗi Da Marar Daɗi

A da, matar aure mai sana'a yara take aika, su kai kaya su komo mata da amsa. Yanzu kuwa sai ki ga mace tana cikin ɗakinta tana ciniki da wadda ba ta taɓa gani ba, a rubuce, ko a takarda ko ta WhatsApp. Abin da kika rubuta shi ne zai tsaya a madadinki.

Saƙon yau da kullum ba shi da wuya, watau odar kaya, ko tambayar farashi, ko sanar da cewa kuɗi sun shigo. Gaisuwa layi ɗaya ta isa, sai ki faɗi buƙatarki. In atamfa kike so daga Kantin Kwari a Kano, rubuta irinta, da launi, da turmi nawa, da tashar da za a sa miki ita a mota. Kada ki ce "jibi", don ba ki san ranar da za a karanta ba. Sa kwanan wata. Ku 'yan makaranta, wasiƙar ofis da ake koya muku saboda jarrabawar WAEC ke nan, ba wani abu dabam ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne labari marar daɗi. A ce ke tela ce, Sallah saura kwana 10, kin tabbata lesin Hajiya ba zai kammalu ba. Da yawanmu kunya ke hana mu faɗi, sai mu yi ta "ana kai" har ranar jajibiri. To, wannan ba kunya ba ce, cuta ce, gama kin hana baiwar Allah neman wata mafita. Ranar da kika sani, ranar za ki rubuta:

"Hajiya, barka da shan ruwa. Na gode da ɗinkin da kike kawo mini kullum. Keken aikin wuya ya lalace tun Litinin, mai gyara kuma ya ce sai mako mai zuwa. Saboda haka lesinki ba zai samu kafin Sallah ba, ki yi haƙuri. Kayan yara zan gama su ranar 27 ga azumi. In kina so a kai lesin wani wuri, yau zan aiko miki da shi tare da kafin alƙalaminki."

Ki lura, dalili ya riga labarin zuwa, gajere kuma na gaskiya. An faɗi "ba zai samu ba" sau ɗaya, ƙarara, an ba da haƙuri sau ɗaya, sa'an nan aka kawo abin da za a iya yi. Haka masu koyar da wasiƙun kasuwanci ke tsara shi. Amma in kaya ne suka ɓata a hanya, ba a jan rai, da labarin ake farawa.

Ƙarin farashi ma haka. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya taɓa kowace sana'a. Ki sanar da masu sayenki tun da wuri, da sabon farashin da ranar da zai fara, kada su ji shi a bakin 'yar talla.

Hana bashi ya fi duka nauyi, balle ga 'yar'uwar miji. Yi zancen jarinki, kada ki taɓa halinta: "Yaya, jarin ya yi ƙasa, na dakatar da ba da bashi. In kin kawo rabi zan ajiye miki har ƙarshen wata." Ita kaɗai za ki aika wa, ba zauren da mata 50 ke karantawa ba. In kuwa ranki a ɓace yake, bar saƙon ya kwana, ki sake karanta shi da safe kafin ki aika.