Daga goge zuwa fiyano: tsirkiya ba ta zama a murya ɗaya

A ƙasar Magarya da Dungas, in biki ya faɗo tsakiyar damina, mai goge ba ya fara kiɗa sai ya nemi garwashi ya kara bakin gogensa. Jama'a na jira, wasu na cewa jan aji ne. Ba jan aji ba ne, danshi ne ya taɓa masa kayan neman abinci.

Goge ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza. Tsirkiyarsa izgar doki ce, tana bisa ɗan itacen da ake kira jaki. Fata da gashi duka suna shan danshi. In iska ta jiƙe, fata ta saki, jaki ya nutse, izga ta ƙara tsawo, sai murya ta yi ƙasa. Zafin wuta ne ke sake ɗame fatar. Da hunturu kuwa fata ta tsuke, murya ta hau, wani lokaci ƙoƙon ma ya tsage. A jahar Damagaram danshin iska yana faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100 a watan Maris, ya haura wajen kashi 70 a watan Agusta. Tsakanin waɗannan biyu garaya da gurmi ma ke shan wahalarsu.

Fiyano, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙago a Italiya wajen shekara ta 1700, shi ma bai tsira ba, sai dai lamarinsa a juye yake. Yana da tsirkiyoyin ƙarfe kusan 230, ƙarfin jansu gaba ɗaya ya kai tan 18 zuwa 20. Ƙarfe ba ya shan ruwa, amma tsirkiyoyin suna bisa wani faffaɗan allon katako mai ɗan doro. Da damina allon ya kumbura, ya tura jaki sama, tsirkiya ta ɗame, murya ta hau. Da rani ya bushe, murya ta faɗi. Ke nan ruwan da ke sauke muryar goge shi ke ɗaga ta fiyano.

Ban da yanayi akwai shekaru. Waya tana miƙewa sannu a hankali, turakun da aka naɗe ta a kai suna sassautawa, don haka muryar fiyano kullum ƙasa take nufa. Mai goge yana daidaita tsirkiyarsa da muryar mawaƙi, shi ke nan. Fiyano kuwa yana da ma'auni: sautin da ake kira "la" ya kaɗa sau 440 a daƙiƙa ɗaya, kamar yadda aka amince a taron Landan na 1939. Kafin nan Faransa ta tsayar da 435 a 1859. Shi ya sa masu ƙera shi ke cewa a gyara muryarsa sau biyu a shekara. Wanda aka bari shekaru, in an zo jan tsirkiyoyinsa, wasu kan tsinke.

Wannan magana ta shafi aljihu. Ɗan kasuwar da ya sayo jita a Kano ya biyo da ita ta Tinkim, ya kamata ya sassauta tsirkiya kafin tafiya, kar kuma ya bar ta cikin mota a rana. Ma'aikacin da ke riƙe da kayan kiɗan gidan matasa ko na lakwal, ya raba su da zafin kwano da bakin taga, ya sa kuɗin gyara cikin lissafin shekara. Fiyanon lantarki ba shi da tsirkiya, muryarsa ba ta sauyawa, amma ƙura da rawar wuta su ne ajalinsa.

Kayan kiɗa ba a saye a manta da su. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.