Gidan Mai Wurno a Sudan: Me Ke Zaunar da Baƙo?

A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a suna ta bin sa daga birane da ƙauyuka, har da na ƙasar Kano. A watan Yuli aka kashe shi a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutanen da niyyar isa Makka, amma tafiyar ta tsaya a Sudan, a bakin kogin Nilu kusa da Sannar, inda suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno. Abin da ya zaunar da su ba asalin sarauta kaɗai ba ne. Sun zo da matansu da 'ya'yansu da malamansu, suka samu ƙasar noma, suka buɗe makarantun allo, garin ya zama zangon alhazan ƙafa daga ƙasar Hausa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buƙaci ma'aikata, mutanenmu kuwa suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. Iyali, sana'a da jama'a su ne suke kafa mutum a baƙuwar ƙasa.

Wani zai ce ai baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, kuma yana da hujja. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta fifita waɗanda kakanninsu suke can tun kafin 1898, don haka jikokin masu hijirar da aka haifa a can, da ake kira Fallata ko Takari, sun sha wuyar samun takardu. Sai dai wannan bai rushe maganar ba, gyara ta ya yi: gumi yana ba mutum gurbi a gari, doka ce take kare masa shi. Matashin Aujara ko Jahun ko Dutse da yake shirin ƙaura ya kamata ya tafi da sana'a a hannu, ya nemi jama'arsa, ya kuma nemi takardar izini tun da wuri. Mu ma da muke gida, haƙƙi ne a kanmu kada mu hana baƙon da ya yi noma tare da mu abin da muke roƙa wa 'yan'uwanmu a Sudan.